Dalma da Hannun Daman Malam

Ran Juma'ar da ta wuce ina ɗaki na ji ka, Abba, kana yi wa 'ya'yanka faɗa a tsakar gida. Ka ƙwace musu gem, ka ce nan gidan malamai ne, kuma mahaifinka bai taɓa barin irin wannan shirme ya ƙetare soronsa ba. Sai da na toshe baki da gefen zane don kada dariya ta kuɓuce mini a gaban jikokina. Da dariyar ta lafa kuma sai na yi kuka. Ban fito na ƙaryata ka ba, don ba a kunyata uba a gaban 'ya'yansa, amma tun ranar maganar take cina. Ku duka kun san shekarar da Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, kun kuma san ya samu sauƙi har ya koma ba da karatu a soro. Abin da ya faru a tsakani ne ba ku sani ba, don kuna zuwa ne ku gaishe shi ku koma gidajenku, ni ce nake kwana nake tashi da shi. Shi da bakinsa ya ce in riƙe maganar muddin yana raye, bayan ransa kuwa sai yadda na ga dama. To, na ga dama.

Ciwon ya same shi da damina, yana tsakiyar alwala. Ɓarin dama ne ya tafi. Da aka sallamo mu daga asibiti baki ya fara dawowa, sai ƙafa ta biyo baya, har yana dafa bango ya kai kansa banɗaki. Hannun ne ya ƙi. Yana nan ajiye a cinyarsa, yatsun a dunƙule, sai babban yatsa kawai yake ɗan motsi in ya matsa wa kansa. Kuma a kan hannun nan komai ya tsaya, domin Malam ya ƙi cin abinci da hagu. Kada ku ce bai san hukunci ba. Ni na sha jin sa ta bayan labule yana gaya wa masu tambaya cewa mai lalura ba shi da laifi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana buge hannun yara in sun kai hagu kwano, zuciyarsa ta ƙi yarda. Ni nake wanke hannu in ba shi a baki, kamar jariri. Ya karɓi loma biyu ko uku, sai ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. Ƙarya yake yi, kunya ce. Ina kallonsa yana zubewa, rigunansa suna yi masa yawa, wuyansa ya fito. Wallahi na ji tsoro, don na ga ba ciwon ne zai kashe shi ba, yunwa ce.

A wajen gashin ƙashi sun ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya tsane ta. Kullum sai in tsince ta a ƙarƙashin gado, ya ce faɗuwa ta yi. Wata likita, yarinya ce sa'ar 'yata Ummi, ta ja ni gefe ta ce mini babban yatsan nan shi ne mafari, in ya samu aikin da zai riƙa yi ba tare da mai shi ya ƙosa ba, sauran za su bi shi. Ta ce ko irin gem ɗin da yara ke yi a talabijin, wasu tsofaffin yana yi musu amfani. Na ce a raina, yarinya, ba ki san wanda kike magana a kansa ba.

Amma da muka dawo gida maganar ta ƙi barina. Kai Auta, ka tuna gem ɗinka da nake ɓoye maka a cikin babbar kwalla in na ji takun Malam? Da ka tafi makaranta Zariya nan ka bar shi. Na ciro shi na goge. Dama an mai da talabijin ɗakin Malam don ya riƙa jin tafsiri. Na jona wayoyin yadda na sha ganin kana yi, ja a ja, fari a fari, ruwan ɗorawa a ruwan ɗorawa. Sai ga tseren motoci ya fito. Na ɗora masa filo a cinya, na aza abin riƙewar nan mai maɓallai da kuke ce wa fad.

"Saude, mene ne wannan?"

"Magani ne. Likita ta rubuta."

"Da girmana? In ɗalibaina suka ji fa?"

"Wa zai gaya musu? Ni ko talabijin?"

Ya ture filon da hagu ya juya mini baya. Na bar shi a kunne na fita, na ja labule. Haka na riƙa yi kullum bayan ya sha koko, shi kuma yana turewa. Ana nan wata rana ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙugin mota daga ɗakinsa, sai ƙarar karo, sai muryar Malam yana cewa a'uzu billahi. Na ci gaba da tankaɗena kamar kurma. Mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba, ga shi yana tuƙa jar mota. Akwai wani ɗan maɓalli mai juyawa da ake karkata motar da shi, Malam ya sa masa suna sitiyari. A kansa yake aza babban yatsan dama, hagun kuma ya ƙetaro da shi ya danna na ba da wuta. In aka yi sallama daga soro sai in yi maza in canja tasha in rufe abin da bargo. Sau nawa kuka zauna a gefen gadon nan kuna yi masa ya jiki, yana amsawa a natse, gem yana ƙarƙashin bargo kusa da ƙafarku. Kafin kaka ta yi nisa yatsan ya yi ƙarfi, manuniya ma ta fara buɗewa, har ya ƙara yawan lomar da yake karɓa.

Sai abu ya juye. Motar ta fara janyewa hagu tana dukan bango. Ya karkato ta dama, ta koma hagu. Malam ya ɓoye mini, na dai lura ƙugin ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Ranar da na matsa masa da tambaya, ya ɗaga hannun da hagunsa ya sake shi ya faɗi a cinya.

"Ya koma baya. Ina tura shi gabas yana tafiya yamma. Ki kwashe kayan nan, Saude. Allah ya riga ya hukunta."

Ranar ko loma ɗaya bai karɓa ba. Na zauna a bakin gado raina a jagule, na kunna abin don in ga me yake gani. Ban taɓa komai ba sai na ba da wuta, amma ga motar nan tana zamewa hagu ita kaɗai. Na sake gwadawa, haka. Na ce ya duba. Ya ce lallashinsa nake yi. Na ajiye fad ɗin a ƙasa, na danna da yatsan ƙafata, na ɗaga hannuwana biyu sama kamar wadda aka kama da sata. Motar ta tafi ta rungumi bango. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ashe ba ni ba ne. Ban taɓa jin daɗin lalacewar wani abu a gidana irin na ranar ba.

Washegari na sa hijabi na tafi kasuwa na sayo sabon fad, ina ganin magana ta ƙare. Ashe nan aka fara. Sitiyarin sabon yana da tauri. Tsohon, shekaru Auta da abokansa suna murza shi har ya yi laushi, shi ya sa yatsan mara lafiya yake iya tura shi. Sabon kuwa Malam ya yi ta dannawa har gumi ya keto masa, abin bai gusa ba. Ya fi jin ciwon wannan a kan na farko, don yanzu da idonsa ya ga ƙarfin hannunsa bai kai na abin wasan yara ba. Na koma kasuwa da tsohon. Mai gyara ya ce sai dai ya cire sitiyarin ɗungum ya sa sabo. Na ce taurin fa? Ya ce Hajiya, ai taurin ake so. Ba ni da bakin yi masa bayani, don Malam ya rantsar da ni.

Nan na tuna da Yaya Sabo. Ku kun san shi da Kawu Sabo mai rediyo na Zaitawa. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, amma mahaifiyarsa ta shayar da ni lokacin da tawa ta kwanta ciwo, saboda haka muharramina ne, ina iya zama da shi a shagonsa ba wanda zai ce don me. Na nemi izinin Malam. Ya ce in je, amma kada sunansa ya fito daga bakina. Yaya Sabo ya kwance abin, ya kara shi dab da idonsa, ya laluba da yatsa. Ya nuna mini wani ɗan abu kore mai ƙafa uku a jikin sitiyarin, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce ɗan'uwan abin ƙara muryar rediyo ne, in cikinsa ya cinye sai ya riƙa ba da labarin ƙarya. Ya ce laushin da nake so yana cikin sitiyarin, ba a taɓa shi. Koren kawai za a cire, a ciro lafiyayye daga sabon da na saya a dasa.

"To Yaya, ka yi mini."

Ya miƙo hannayensa biyu ya nuna mini. Suna rawa. Idonsa na hagu kuma farar yana ta rufe shi.

"Da shekara goma baya ne, kafin ki gama gaishe ni na gama. Yanzu in na taɓa sai ɓarna. Amma ke fa? Mai ɗinkin hula? Zaren da kike zurawa a allura ya fi ƙafar nan siranta."

"Ni? In riƙe ƙarfen wuta? Yaya, ka daina wasa."

"To ki kai wa yaran kasuwa, ki yi musu bayanin abin da kike so."

"Na gida ne," na ce.

"Ban tambaye ki na waye ba."

Haka na zama ɗalibar mai gyaran rediyo da furfurata. Kullum da hantsi, in na ba Malam koko na gyara shi, sai in bi lungu daga unguwarmu Soron Ɗinki zuwa Zaitawa. Matan unguwa suka samu abin taunawa, wai na bar miji a kwance ina yawon gidan 'yan'uwa. Na ji, na haɗiye, ko da yake akwai wadda har yau ba na sakar mata fuska. Yaya Sabo ya jibge mini matattun rediyoyi ya ce in yi ta cirewa ina mayarwa. Dalmar da ake liƙin da ita kamar zare take a naɗe, ga ƙarfen da ake jonawa a wuta, ga wani ɗan mai a gwangwani da ake shafawa, ga wani famfo mai kama da sirinji da yake zuƙe dalma in ta narke. Na farko da ya koya mini, ba dalma ake ƙonawa ba, ƙafar ake ɗumamawa, dalmar ta bi zafi da kanta. Nawa na farko duk suka fito dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki. Ya shafa da yatsa ya ce in sake. In ta kama da kyau sai ta yi sheƙi ta kwanta lif a gindin ƙafar. Cirewa ta fi sawa wuya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wai in kana son tsohuwar dalma ta fita sai ka ƙara mata sabuwa tukuna. Na ce wannan wace irin dabara ce, a ce ka ƙara wa tuwo gari don ka kwashe shi? Ya ce in yi dai in gani. Na yi, ta narke, famfo ya zuƙe, rami ya fito tas. Ya kuma gargaɗe ni cewa siraran layukan tagullan da ke kwance a jikin fanel, wato faifan da aka dasa komai a kansa, manne su kawai aka yi. Ba a ja, ba a ɓanɓara. In ƙafa ta ƙi fita, zafi take so.

A nan na samu tabon da kuke gani a yatsuna. Ku kuka ce man suya ne, ni ban taɓa cewa ba. Wani mai karɓar rediyo ya yi sallama, na ɗaga kai na amsa, na kai hannu in ɗauki ƙarfen ba tare da na duba ba. Hannun da ya yi shekara arba'in yana kama allura kusa da tsininta, to can ya je ya kama. Na ji ƙauri kafin in ji zafi. Fatar manuniya da ta babban yatsa ta tashi fari fat. Ban yi ihu ba don akwai baƙo, amma hawaye sun zubo. Da na koma gida da yatsu a naɗe, Malam ya kalle su ya kalle ni.

"Kin gama zuwa Zaitawa. Hannu ɗaya ya mutu a gidan nan, ya isa."

"Ba ka isa ba," na ce masa.

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa gaya masa haka ba. Amma bakin ya riga ya buɗe, na ci gaba. Na ce ya dubi wuyansa a madubi. Na ce na gaji da wanke kwanon da ba a ci komai a ciki ba. Na ce in ya ga dama ya ci da hagu yau ɗin nan, in mayar wa Yaya Sabo kayansa, kowa ya huta. Can ya ce in matso. Ya kama yatsun da hagunsa ya yi musu tofi, ya daɗe yana yi. Ran nan da hagu na ba shi abinci, don damata a naɗe take, ya karɓa ya ci. Hulunan da na karɓa na Babbar Sallah kuwa sai mayar wa masu su na yi ba a gama ba. Ƙunar ta warke, amma kan manuniyar bai sake jin zare ba, ɗinki mai ƙananan ido ya fi ƙarfina daga shekarar. Ina son sana'ar nan, a wajen kakata na gaje ta, kuma na yi kewarta. Ban dai yi da-na-sani ba.

Da yatsun suka yi dama-dama Yaya Sabo ya shafa aikina ya ce na isa. Ya ba ni aron kayan na taho da su gida, don ina so a yi a gaban mai abin. Muka jira ranar da aka kawo wuta da safe. Na shimfiɗa tabarma a bakin taga, na kifa faranti na yi teburi, Malam ya sauko ya danne mini fanel da hagunsa. Na fara da sabon, koren ya fito salin-alin. Na juya kan tsohon. Ƙafa ta farko ta saki, ta biyu ta saki. Ina kan ta uku fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Ƙarfen ya fara hucewa a hannuna, ga ƙafa ɗaya ta rage, tana ma ɗan motsi. Duk mai ɗinki ya san abin da ake yi wa zaren da ya maƙale, allura ake sa masa ta ƙasa a ɗaga. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya zaro allura daga gefen ɗankwali. Na sa, na ɗaga. Ƙafar ta fito, amma ta taho da ɗan zoben tagullan da take zaune a kai, da guntun layinsa yana reto kamar silin gashi.

Na san abin da na yi tun kafin in ajiye allurar. Na rufe fuska da zane. Duk zirga-zirgar nan, da ƙunar, da hulunan mutane, da surutun unguwa, ga shi na kashe abin da hannuna. Kuma babu wani mai laushin irinsa a duk Kano. Malam ya bar ni na yi kuka mai isata.

"Saude, ya mutu ne gaba ɗaya?"

"Ban sani ba. Sai Yaya ya gani. Gobe na kai masa."

"A'a. Aika a ce ina gaishe shi, ya zo. Ya shigo har nan."

"Nan? Zai ga komai fa."

"Ya gani. Ke kin ƙona hannu, ni ina ta ɓoyon fuska."

Bayan la'asar Yaya Sabo ya zo yana dogara sanda. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu. Ya dubi talabijin, ya dubi wayoyi, ya dubi filon da ke cinyar Malam. Malam ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Yaya Sabo ya gyara zama.

"Malam, wace mota kake hawa a ciki?"

"Jar," in ji Malam a hankali.

"Haba, shi ya sa. Jikokina sun ce jar ba ta da birki."

Malam ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi. Ni kuwa Yaya Sabo bai raga mini ba, ya ce ai ya gaya mini ba a ɓanɓara, na je na sa allura. Sannan ya ce ba a mutu ba, gada za a yi. Aka yi sa'a wuta ta dawo kafin magariba. Ya sa na bi layin da ya tsinke da ido har inda yake da rai, na kankare koren fentin da ke kansa da bakin reza a hankali sai da tagulla ta haska. Ya fere wata tsohuwar waya ya ce in zaro sili ɗaya daga ciki. Na dasa sabon koren, na liƙe ƙafa biyu. Ta ukun na naɗa mata silin, na kwantar da shi har wajen da na kankare. Yatsana ba ya jin sa, da ido kawai nake bin sa. Yaya Sabo yana ta faɗin kada in daɗe, in taɓa in ɗaga. Malam yana danne da fanel, ina jin numfashinsa a gefen kunnena, bakinsa yana motsi. Na taɓa, na ɗaga. Ɗigon dalmar ya kwanta yana sheƙi.

Muka mayar da murfi muka ɗaure. Na kunna, na ba da wuta ban taɓa sitiyari ba. Motar ta miƙe sak a tsakiyar titi. Na ɗora wa Malam a filo. Ya aza yatsan, ya tura dama, ta bi dama. Ya sha kwana ɗaya, ya sha ta biyu, a ta uku ya daki bango. Ya ce wannan kam shi ne, ba abin ba ne. Yaya Sabo ya tashi zai tafi, ya ce in riƙe kayan aikin, shi sun gama yi masa amfani. Har ya rasu bai gaya wa kowa abin da ya gani a ɗakin nan ba, Allah ya jiƙansa.

Kada ku ɗauka daga ranar hannu ya tashi. An sha fama. Akwai makon da ba a ga komai ba, akwai ranar da ya yi fushi ya ce in kashe. Muna zuwa gashin ƙashi, yana shan magani, ana addu'a, yana tuƙinsa. Manuniya ta buɗe, na tsakiya ya bi ta, sauran biyun suka yi ta nawa. Ya fara riƙe carbi, ya fara kama kofi da hannu biyu. Abinci dai har lokacin ni nake ba shi, kuma na daina tambayarsa yaushe, don na ga tambayar tana yi masa nauyi.

Wata rana da bazara, bayan azahar, na kawo tuwon masara da miyar kuka. Na wanke hannu na gutsuro loma kamar kullum. Ya girgiza kai. Na ce a raina yau kuma da me aka tashi. Sai ya ce in zuba masa ruwa. Ya miƙo hannun dama a kan kwanon wanke hannu, yana rawa. Na zuba. Ya jawo kwanon tuwon gabansa ya yi bisimilla. Na san halinsa, ba ya son a ga gazawarsa, saboda haka na tashi na juya masa baya, na hau ninke wankin da na riga na ninke. Ina jin ƙarar kwano yana gocewa, ina jin nishinsa. Ban waiwaya ba.

"Saude."

"Na'am, Malam."

"Kayan nan ba za su gudu ba. Juyo ki gani mana."

Na juyo. Miya ta bi masa har gwiwar hannu, ta ɗiga a gemu, ta ɓata gaban riga. Lomar ba ta mulmulu ba, rabinta ya zube a hanya. Amma ya kai ta bakinsa da kansa, ya tauna, ya haɗiye, ya koma ya gutsuro wata. Na zauna a ƙasa ina kallo, ban taya shi ba, ban goge masa ba. Sai da ya cinye malmalar nan kaf, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo mini kwanon.

"Akwai saura a tukunya?"

Na ce akwai. Na ɗauki kwanon na fita, na tsaya a bakin murhu na yi kukana, sannan na zubo masa.